Tesla 1.5, 3 ko 7: Wace MRI Ce Ke Ganin Ƙwaƙwalwa Tana Aiki?

Na'urar MRI da ke fitar da hoton ƙari a cikin kai tar-tar, ba lallai ba ne ta iya nuna ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke aiki lokacin da mutum yake magana ko yake motsa yatsa. Aiki biyu ne daban. A na farko hoto guda mai kyau ake nema. A na biyu, wanda ake kira fMRI, ɗaruruwan hotuna ake ɗauka a jere, kowanne cikin sakan ɗaya ko biyu, kowanne dishi-dishi in ka dube shi shi kaɗai, sannan a zauna gaban kwamfuta a tsamo ɗan canjin haske da sau da yawa bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Don haka likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ko malamin jami'a mai neman inda zai kai bincikensa, ko kwamitin asibitin da aka ba kuɗi aka ce ya sayo, abin da ya kamata ya dame shi shi ne ko na'urar za ta iya maimaita hoto ɗaya sau ɗaruruwa ba tare da ta yi rawa ba. Lambar tesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisun na'urar, da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a takardar talla tana da nata rabon a wannan, amma ba ita kaɗai ke riƙe da shi ba.

fMRI ba ta ganin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kansu. Jini take gani. Tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa himogulobin, sinadarin jinin da ke dakon iskar oksijin, in ya sauke ta yana ɗan amsa kiran maganaɗisu, wanda ke ɗauke da ita kuwa ba ya yi. A 1990 Seiji Ogawa, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ya nuna a kan ɓeraye cewa MRI na iya ganin wannan bambancin, aka sa masa suna BOLD. A 1992 aka nuna shi a jikin mutum a Boston da Milwaukee da Minnesota. Idan wani yanki ya kama aiki, jiki yakan kwararo masa jini mai oksijin fiye da buƙatarsa, jinin da ya sauke oksijin ya ragu a wurin, sigina ta ɗan ɗaga. Ba nan take abin ke zuwa ba, sai bayan sakan 5 zuwa 6 yake kai ƙololuwa. Kamar mai neman gidan biki ne ta hanyar bin ruwa: kurar 'yan ga-ruwa za ta kai shi layin, amma ruwan wanke-wanke yakan bi kwata ya fito can ƙarshen layi, wanda bai lura ba sai ya ɗauka a can ake taron. Manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa su ne kwatar, kuma rabin muhawarar tesla a kansu ake yin ta.

Mu fara da abin da ya fi yawa a wajenmu. Wata ƙidaya da aka buga a 2018 ta samu na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. An ƙaro manya tun daga lokacin, amma har yanzu irin masu buɗaɗɗen gefe, masu maganaɗisun dindindin na tesla 0.2 zuwa 0.4, suna nan da yawa. Akwai dalilin da aka so su: ba sa shan hiliyom, ruwan da ke sanyaya maganaɗisun manyan na'urori, kuma ɗauke wuta ba ya kashe musu maganaɗisu. Suna ganin ciwon baya, suna ganin babban ƙari. Amma fMRI, a manta. Canjin BOLD a wannan ƙarfin ya yi ƙanƙanta, kuma ba su da saurin ɗaukar kai gaba ɗaya cikin sakan biyu. Haka ma Swoop ta kamfanin Hyperfine, mai tesla 0.064, wadda ake turawa har bakin gadon majiyyaci. Tana da amfani sosai wajen ganin taruwar ruwa a cikin kan yaro, sai dai ba don wannan aikin aka ƙera ta ba. Free.Max ta Siemens mai tesla 0.55 masu bincike sun nuna ana iya matso ɗan BOLD daga gare ta, amma nuna abu zai yiwu daban, dogaro da shi ranar tiyata daban.

Tesla 1.5 ba abar rainawa ba ce, a kanta aka yi gwajin farko na Boston da na Milwaukee. Ka sa mutum ya riƙa taɓa babban yatsansa da sauran yatsun na sakan 30, ya huta sakan 30, a maimaita sau biyar ko shida, wurin hannu zai fito a taswira sarai. Ka sa ya riƙa kawo kalmomi a zuci, yawanci za ka gane ko harshensa a ɓarin hagu yake zaune ko a dama. Ga likitan da zai cire ƙari kusa da wurin motsi, ko zai yi wa mai farfaɗiya aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana kuma da wasu fifiko da ake mantawa: ƙarfen da aka bari a kai bayan tiyata bai cika ɓata mata hoto ba, na'urorin da ake dasawa a jiki waɗanda aka amince a shiga da su sun fi yawa a wannan ƙarfin, injiniyoyin da suka san ta sun fi sauƙin samu. Iyakarta ita ce dole a yi amfani da manyan ƙwayoyin hoto, wato ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su zama hoton, milimita 3 zuwa 4, kuma kaso mai tsoka na siginarta daga manyan jijiyoyin nan yake fitowa. Wato tana iya nuna maka kwata a madadin gida, da kuskuren 'yan milimitoci. Idan tambayarka mai laushi ce, misali bambancin mai karanta ajami da mai karanta boko, ko yadda sassan ƙwaƙwalwa ke hulɗa lokacin da mutum yake kwance bai yin komai, za ka sha maimaici kafin ka ga abin kirki.

A tesla 3 ne duniyar fMRI ta yada zango, kuma ba don yayi ba. Manyan ayyukan da ake kwatance da su duka a nan aka yi su. Shirin taswirar hanyoyin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda aka fara a 2010, ya ɗauki mutum kusan 1,200 a kan Siemens mai tesla 3 da aka yi wa gyara na musamman. UK Biobank a Ingila, wadda ta sa burin ɗaukar hoton mutum 100,000, da Skyra mai tesla 3 ta yi. Binciken ABCD, mai bin yara sama da 11,000 tun suna shekara 9 zuwa 10, yana gudana a cibiyoyi 21 da na'urorin Siemens da GE da Philips, duka tesla 3. Wanda ya ɗauki bayanai a wannan ƙarfin yana da abin da zai auna nasa da shi, yana da tsare-tsaren ɗauka da aka riga aka goge, kuma manhajojin kyauta irin su FSL ta Oxford da SPM ta Landan da AFNI an saba su da irin wannan hoton.

A takarda, daga 1.5 zuwa 3 sigina tana kusan ninkawa biyu. A aikace riba ba ta kai haka, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da ɗan talla ba zai faɗa maka ba. Hayaniyar da ke cikin hoton fMRI iri biyu ce. Akwai ta na'ura, wato ɗan sirsir na lantarki, wadda ƙarin tesla ke dannewa. Akwai kuma ta jikin mutum: bugun zuciya da ke girgiza ƙwaƙwalwa, numfashi da ke sauya maganaɗisu duk lokacin da ƙirji ya cika ya sace, da ɗan motsin kai. Wannan ta biyun tana girma tare da siginar. Krüger da Glover sun bayyana haka a Stanford a 2001, sannan a 2005 Triantafyllou da abokan aikinta a Boston suka gwada tesla 1.5 da 3 da 7 gefe da gefe, suka ga cewa in ƙwayar hoto babba ce, ƙarin ƙarfi yana zuwa wani wuri ya daina biyan kuɗin sabulu, domin hayaniyar jiki ta riga ta mamaye. Riba tana fitowa ne in ka kashe ƙarin siginar a kan ƙananan ƙwayoyi ko a kan sauri. Wanda ya sayi tesla 3 ya ci gaba da ɗaukar hoto da tsarin tesla 1.5, ya biya kuɗin abin da bai ci ba.

Tesla 3 tana da nata tabon. Duk inda iska ta yi maƙwabtaka da nama, maganaɗisu yakan karkace, kuma a kai akwai irin wuraren nan biyu masu muhimmanci: ƙasan goshi, saman kogon hanci, da ƙasan gefen ƙwaƙwalwa kusa da ramin kunne. A hoton EPI, wanda shi ne salon ɗaukar fMRI, waɗannan wuraren sukan fito baƙi ƙirin ko a murɗe, kamar an gutsure su. Na farkon yana da hannu a yanke shawara da jin daɗin lada, na biyun a ma'anar kalmomi. Idan bincikenka a can yake, taswira za ta ce maka babu aiki, alhali babu hoto ne. Matsalar tana ƙaruwa da ƙarin tesla. Ana rage ta da siraran yanka (na'urar yanka-yanka take ɗaukar hoton kai), da ɗan karkata kusurwar ɗauka, da ɗaukar taswirar maganaɗisu domin a miƙe hoton daga baya, da kuma salon da ke ɗaukar amsa uku ko huɗu a bugu ɗaya. Duka waɗannan sai na'urar tana da lasisinsu.

Kuma tesla 3 ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ce. Cikin kowace MRI akwai wasu naɗaɗɗun wayoyi da ake kira giradiyen, su ne ke yin wannan ƙarar ta bugun ƙarfe, su ne kuma ke tantance saurin ɗauka. Prisma ta Siemens ramin shigarta santimita 60 ne, giradiyen ɗinta militesla 80 a kowace mita. Skyra ramin santimita 70 ne, giradiyen 45. MR750 ta GE tana da 50. Masu bincike sun fi son mai matsattsen rami saboda ƙarfinta, asibiti kuma ya fi son mai faɗi saboda masu ƙiba da masu tsoron ƙunci. A ganina asibitin da zai haɗa jinya da bincike kada ya ji kunyar mai faɗin. UK Biobank ta ishe shi hujja. Babban ƙarfin giradiyen, irin militesla 200 na Cima.X, hoton hanyoyin farin naman ƙwaƙwalwa ya fi amfana da shi. Abin da fMRI ta fi buƙata shi ne saurin juyawar giradiyen, shi kuma jikin mutum ne ke masa iyaka, domin in ya wuce kima jijiyoyi sukan fara tsirgawa.

Abin da na fi ba muhimmanci a bayan tesla shi ne hular da ake kifa wa mutum a kai, mai karɓar sigina. Akwai mai kunne 8, wato 'yan eriyoyi 8 masu sauraron sigina, akwai 20, akwai 32, akwai 64. Yawan kunnuwan yana ƙara sigina a ɓawon ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kusa da hular, kuma shi ne ke ba da damar ɗaukar yanka da yawa a lokaci guda. Da wannan dabarar shirin Amurka da na ambata ya riƙa ɗaukar yanka 8 a bugu ɗaya, kai gaba ɗaya cikin sakan 0.72, da ƙwayar milimita 2. Sai dai kada a kwafi lambar 8 ido rufe: tsakiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta yi nisa da hular, ita ke biyan kuɗin wannan saurin da ƙarin hayaniya, shi ya sa masu duba sassan can ciki da yawa suke tsayawa a 3 ko 4. Hula mai kunne 32 matsattsiya ce kuma. Mai babban kai ko mai cikar kitso wani lokaci ba ta rufuwa a kansa, don haka a ajiye mai 20 a gefe. Tesla 3 da tsohuwar hula mai kunne 8 ba ta yi wa sabuwar tesla 1.5 mai kyakkyawar hula nisan da ake zato ba.

Tesla 7 ita ce abin sha'awa, kuma sha'awar tana da tushe. Cibiyar Kamil Ugurbil a Minnesota ta fara aiki da ita a kan mutane tun ƙarshen shekarun 1990. A 2017 hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta amince da Terra ta Siemens domin duba kai da gwiwa, ta GE ta biyo baya a 2020. A wannan ƙarfin ana iya saukowa ƙasa da milimita ɗaya, 0.8 misali. Ɓawon ƙwaƙwalwa kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne, hawa shida ne a ciki, kuma saƙon da ke shigowa da wanda ke dawowa daga manyan sassa ba hawa ɗaya suke sauka ba. A tesla 3 duk wannan cikin ƙwaya ɗaya ko biyu yake cakuɗe. A tesla 7 ana fara rabe shi. A 2008 Essa Yacoub da abokansa suka nuna ginshiƙan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke gane karkatar layi a wurin gani na ɗan Adam, abin da a da sai a kan dabba ake iya gani. Kason ƙananan jijiyoyi a cikin sigina yana ƙaruwa, musamman da salon ɗaukar da aka tsara domin danne manyan. Kuma mutum ɗaya yana iya ba da taswira mai ƙarfi ba tare da an haɗa shi da wasu ashirin ba.

Farashin wannan ba a kuɗi kaɗai yake ba. A tesla 7 igiyar rediyon da ake aika wa kai tana kusan megahaz 300, tsawonta cikin nama ya gajarce har ya gaza faɗin kan kansa, don haka tsakiya takan yi haske, gefen kunne da ƙeya su dushe. Ɗumamar nama tana tafiya kusan da ninkin ƙarfi sau kansa, sai na'ura ta riƙa taka maka birki. Baƙin ramin goshi da na kunne sun fi faɗi. Wasu mutanen sukan ji jiri ko ɗanɗanon ƙarfe a baki lokacin da gado ke shiga da su. Na'urorin dashe da aka gwada a wannan ƙarfin kaɗan ne, wato majiyyata da yawa ba za su shiga ba. Ƙwayar milimita 0.8 kuma ba ta yafe motsi. Haɗiyar yawu ɗaya tana iya ɓata zagayen ɗauka guda. Sannan tana son masanin fiziks a zaune kusa da ita kullum. Akwai ma waɗanda suka fi ta, 10.5 a Minnesota da Iseult mai 11.7 a Saclay ta Faransa, wadda ta fitar da hotunan mutum na farko a 2024, amma waɗannan ba a kasuwa suke ba. Wanda tambayarsa ta hawan ɓawon ƙwaƙwalwa ce, ya nemi haɗin gwiwa da cibiyar da ke da ita. Wanda tambayarsa ta danganta hoto da hali ko basira ce, ya tuna da binciken Marek da abokansa na 2022, wanda ya nuna irin wannan alaƙar sai da dubban mutane take tsayuwa. A nan yawan kawuna ya fi yawan tesla.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar ga mai saye a Kano ko Zariya ko Yamai. Tesla 1.5 da 3 da 7 duka maganaɗisunsu a cikin ruwan hiliyom yake kwance, a sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, kuma na gargajiya yakan ɗauki lita sama da dubu. Akwai injin da ke ta ɗan tsit-tsit dare da rana yana mayar da tururin ruwa. Shi ma yana dogara da injin sanyaya ruwa da ke waje. In wuta ta ɗauke ta daɗe, hiliyom ya fara gudu. In abin ya ci tura maganaɗisu ya saki, sai a jira hiliyom daga waje, wanda ƙasashe kaɗan ke haƙo shi, irin su Amurka da Ƙatar da Aljeriya da Rasha. Tun kafin a kai ga wannan ma, fMRI ta fi kowane hoto saurin jin jiki. EPI yana gasa giradiyen, zafin ya sa maganaɗisu ya riƙa zamewa a hankali cikin zagaye, sigina ta yi ta gangara. Injin sanyaya da ƙurar hunturu ta toshe, ko wanda zafin Afrilu ya fi ƙarfinsa, hoton ƙashin baya ba zai nuna ba, amma fMRI za ta nuna. Shi ya sa nake ganin na'urori masu rufaffen hiliyom, irin BlueSeal ta Philips mai tesla 1.5 da lita 7 kacal, sun cancanci a duba su da idon basira a inda wuta ba ta da tabbas.

Mutanen da za su kwanta a ciki ma suna cikin lissafi. Tunda jini ake aunawa, mai sikila ko mai ƙarancin jini siginarsa ba za ta yi daidai da ta mai lafiya ba, ko da ƙwaƙwalwarsu aiki ɗaya take yi. Goro da shayi da kofi suna ɗauke da kafeyin, shi kuwa yana matse jijiyoyin kai. Dattijon da ya ci goro a hanya da wanda bai ci ba, ba ma'auni ɗaya aka yi musu ba, don haka a tambaya a rubuta. Kwalli da wasu kayan kwalliyar ido suna jawo tabo a gaban hoto, kuma ya fi muni a tesla 3. A wanke, a cire fil ɗin hijabi da na gashi. Ƙari kansa yakan lalata amsar jijiyoyin da ke kewaye da shi, wuri yana aiki taswira ta nuna shiru, kuma babu teslar da ke maganin wannan. Ƙarar EPI kuma takan haura desibel 100. Mai son nazarin yadda Bahaushe ke jin hawa da saukar murya dole ya tsara ɗauka mai tsayawa, a faɗi kalma cikin shiru sannan na'ura ta buga.

Da ni za a tambaya, asibitin da babban aikinsa jinya ne, fMRI kuma ta kafin tiyata ce, sabuwar tesla 1.5 mai kyakkyawar hula da kwangilar gyara mai rai ta wadatar. Cibiyar da ke nufin bincike da gaske, tesla 3 da hula mai kunne 32, bisa sharaɗin an fara kashe kuɗi a kan janareta biyu da batirin riƙe wuta da injin sanyaya kafin a sauke akwatin. Kowacce aka zaɓa, a sa a rubuce cewa lasisin BOLD da na ɗaukar yanka da yawa suna cikin farashi, domin daban ake sayar da su. A haɗa da allon nuna hoto, da madannan amsa, da wayar da ke sanar da kwamfuta cewa ɗauka ta fara. Kafin a sa hannu a takardar karɓa, a ɗora ƙwallon gwaji mai cike da daskararren aga, wani abu mai kama da jeli, a yi EPI na minti goma a jere irin tsarin da Friedman da Glover suka bayyana a 2006, a ga nawa sigina ta zame, nawa ta yi rawa. A ajiye waɗannan lambobin, a riƙa maimaita gwajin duk mako, kuma kada a yarda injiniya ya sabunta manhajar na'ura ana tsakiyar bincike sai an yi gwajin kafin da bayan.